Yaushe rabonku da taka rawa ku biyu?

Da tambaya zan buɗe a wannan makon, kuma ina roƙon maigida da uwargida kowa ya amsa a zuciyarsa: yaushe rabonku da ku miƙe ku biyu, ku riƙe hannun juna, ku taka rawa? Na san amsar mafi yawanmu. Tun ranar dina ne, lokacin da aka kira ango da amarya tsakiyar fili, dangi suka kewaye ku ana liƙi, kuna ɗan rangaji cikin kunya kuna Allah-Allah waƙar ta ƙare. Wasu ma ko wannan ba su yi ba. Daga ranar aka naɗe tabarmar rawa, sai in bikin wani ya taso uwargida ta cashe cikin 'yan'uwanta mata, maigida kuwa yana waje kan kujerar roba yana latsa waya.

Wani zai ce me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da zancen rawa? Abin da nake gani kullum a kantin magani a nan Jalingo ne ya haɗa mu. Duk ƙarshen wata masu hawan jini da ciwon suga suna zuwa sabunta magani, kuma abu uku nake maimaita musu: a sha magani a kan lokaci, a rage gishiri da dunƙule a miya, a riƙa motsa jiki. Biyun farko ana gyaɗa kai. Na ukun ne ke jawo murmushi. Wata dattijuwa da na saba da ita ta taɓa tsare ni da ido ta ce, "'Yar nan, ina zan je in motsa jikin? In zura hijabi in kama gudu a kan Hammaruwa Way, gari ya ɗauka matar Alhaji ta zautu?" Na yi dariya na ce, "Goggo, Allah ya tsare." Amma gaskiya ta faɗa. Namiji zai iya sa takalmi ya nufi filin wasa na Jolly Nyame da safiyar Asabar, babu mai kallonsa sau biyu. Mace mai 'ya'ya huɗu da girki da surukai, wannan hanyar a rufe take gare ta. Gidajen motsa jiki na kuɗi kuwa, a wannan tsadar rayuwa, sai wane da wane.

Iyayenmu ba su san wannan matsalar ba, domin aikin gida kansa motsa jiki ne. Sun yi surfe da daka, sun ja ruwa a rijiya, sun taka da ƙafa zuwa kasuwa. Mu yanzu injin niƙa na bakin layi, ruwa na zuwa daga burtsatse ko kurar mai ruwa, Keke Napep na sauke mu a ƙofar gida. Ma'aikacin sakatariya yana kan kujera daga safe har la'asar, ya dawo ya sake zama gaban talabijin. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, wato minti 30 sau biyar. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗan ƙaru, mutum yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Ga waɗanda suka kai shekara 65 kuma ta ƙara da cewa su riƙa yin abin da ke horar da jiki wajen tsayuwa daidai, aƙalla kwana uku a mako, don gudun faɗuwa. Rawa ta cika waɗannan sharuɗɗa duka, ba ta buƙatar ko sisi, kuma falo ko tsakar ɗaki ya ishe ta.

To me ya sa na dage sai ku biyu? Saboda duk wanda ya taɓa ɗaura niyyar motsa jiki shi kaɗai ya san yadda take ƙarewa. Mako biyu ana zafi, na uku a ce gobe, goben da ba ta zuwa. Idan akwai wanda ke jiranka, kasala ba ta samun wurin zama. A gidana na ga wannan. Shekara biyu da suka wuce aka auna maigidana aka ga jininsa ya fara hawa. Muka tsiri tattaki bayan asuba, sai damina ta sauka, ga shirya yara makaranta, abin ya watse. Wani dare bayan yara sun yi barci, kiɗan kalangu na tashi a hankali daga wayata, na miƙa masa hannu cikin wasa. Ya ce, "Ke dai ba ki rabo da rigima," amma ya tashi. Yau dare uku muke yi a mako, minti ashirin zuwa talatin. Ranar da na gaji shi yake ja na, ranar da ya gaji ni nake tayar da shi. Yana nan yana shan maganinsa kamar yadda likita ya rubuta, awonsa ya daidaita, kuma hawa bene a wurin aiki ya daina sa shi haki.

Akwai wata ribar da na'urar awo ba ta nunawa. Gidaje da yawa a yau zancen miji da mata ya taƙaita ga cefane, kuɗin makaranta da wanda bai da lafiya. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa da wayarsa, har barci ya ɗauke su. Rawa ba ta yiwuwa a haka. Dole ka dubi fuskarta, dole ki kula da inda ƙafarsa za ta, in aka taka juna a yi dariya. Na lura yana da wuya a riƙe hannun mutum minti ashirin ana kuma riƙe da fushinsa a zuciya. Sau da yawa maganar da ta gagara faɗa a zaune, a tsaye ake samun bakin faɗinta.

A wasu ƙasashe rawar mutum biyu abar sha'awa ce da ake koyo kamar yadda ake koyon ɗinki. A birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina akwai zaurukan rawar tango inda za ka tarar da tsofaffi masu furfura suna takawa da dare, har hukumar UNESCO ta sanya tango cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a shekarar 2009. Rawar salsa, mai tushe a kiɗan ƙasar Kuba, ta bazu har Legas da Abuja. Masana lafiya ma sun waiwayi abin. A shekarar 2003 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga binciken da Dakta Joe Verghese da abokan aikinsa suka yi a birnin Niyok na Amurka, inda suka bibiyi tsofaffi 469 da suka haura shekara 75. Cikin nau'o'in motsa jiki da suka duba, rawa ce kaɗai aka ga masu yawan yin ta sun fi tsira daga gigin tsufa. Binciken alaƙa ya nuna, bai ce rawa rigakafi ce tabbatacciya ba, amma dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai rawa yana sauraron kiɗa, yana tuna taku, yana karantar motsin abokin rawarsa, duk a lokaci guda, ƙwaƙwalwa da jiki suna aiki tare. A Jami'ar Washington da ke Sent Luwis kuma an koya wa masu cutar Fakinson, mai sa karkarwar jiki, rawar tango, aka ga tsayuwarsu da tafiyarsu sun inganta.

Ban kawo waɗannan don mu ari rawar wasu ba, domin mu ma ba baƙinta ba ne. Wanda ya tashi a Taraba ya ga rawa iri-iri. Ya ga Suwange ta 'yan'uwanmu Tibi, ya ga yadda ake takawa a bikin Kuchicheb na Takum, ya ga tsohuwa mai jikoki tana durƙusawa tana miƙewa a fili ba tare da dafa gwiwa ba. A ƙasar Hausa 'yan Koroso bibbiyu suke rawarsu, 'yan mata sun yi gaɗa a dandali da tafi kawai, iyayenmu mata sun girgije da kiɗan ƙwarya na amada irin na marigayiya Barmani Choge. Abin da ya ɓace mana shi ne yin ta ba sai da biki ba.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba ina kira a cakuɗa maza da mata a fili ba ne, zancena tsakanin miji da matarsa ne a cikin ɗakinsu. Wanda ya zaɓi nisantar kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, tafi da ƙirga taku sun wadatar, kamar yadda gaɗa ta nuna mana. Wadda mijinta ya rasu ko yake aiki a wani gari, ga 'yarta, ga ƙanwarta, ga maƙwabciyarta. Maigida, na san abin da ke ranka: kunyar yara, da tsoron kada girma ya zube. Tura ƙofa ka sa sakata, girmanka na nan inda ka ajiye shi. In kuma kana da mata fiye da ɗaya, ka sani tun yanzu cewa da ka fara a ɗaki ɗaya rawar ta shiga rabon kwana, kuma kai ne za ka fi kowa cika minti 150.

Farawa ba wuya. Ku ja teburin tsakiya gefe, ku tabbata tayil a bushe yake, ku cire safa don tana da santsi. Ku fuskanci juna ku riƙe hannuwa, taku biyu dama, biyu hagu, sannan gaba da baya, ɗaya yana ja ɗaya yana bi, in an jima a sauya. Minti goma ya isa a makon farko, wajen waƙa biyu ke nan, sai a riƙa ƙara minti biyar kowane mako. Bayan isha'i ya fi, musamman a zafin Maris da Afrilu da muka sani a garin nan, amma a bari tuwo ya faɗa, kamar awa ɗaya ko fiye bayan cin abinci.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi sana'ata, kuma ina roƙo a karanta shi da kyau. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin Daonil, motsa jiki na iya sa sugansa ya faɗi ƙasa. Alamun su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa farat ɗaya, jiri da gani dishi-dishi, kuma na'ura za ta nuna ƙasa da 70. Kada ya yi rawa da yunwa, ya ajiye suga kusa. In alamun suka zo ya zauna ya sha cokali uku na suga a ruwa ko rabin kofin lemo mai zaƙi, ya sake awo bayan minti 15.

Mai shan maganin hawan jini, musamman masu sa yawan fitsari irin su Moduretic da Lasix, ya sha ruwa kafin farawa da bayan gamawa, ya guji juyi da sauri, kada kuma ya tsaya cak, ya riƙa sassautawa har numfashi ya dawo, don jiri kan kama mutum a nan. Masu shan atenolol da danginsa, wannan magani yana rage saurin bugun zuciya, don haka ƙirga bugun ba zai nuna musu gajiyarsu ba. Su gwada da magana: in jimla ta gagara fita, an wuce gona da iri. Wanda ya auna ya ga jininsa ya kai 180 bisa 110, babu rawa a ranar, likita zai nema.

Sai masu ciwon gwiwa. Ina ganin yadda ake sayen Brufen da Cataflam da Felvin kamar gyaɗa, har da haɗin da masu talla ke ƙullawa a leda. Yawan shan waɗannan yana ƙara hawan jini, yana jawo gyambon ciki, yana lahanta ƙoda. Kada a sha su don a danne ciwo a ci gaba da rawa. A rage taku, a daina durƙuso, in ciwon ya ƙi tafiya ko gwiwa ta kumbura a je a duba. Mai juna biyu tana iya ɗan rangaji in an tabbatar mata a wurin awo cewa babu matsala, ban da tsalle da juyi. Ga kowa da kowa kuma, ciwon ƙirji, ko zafi mai tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya sarƙe, ko mutum ya ji zai suma, a tsaya nan take a nufi asibiti, kada a ce sai da safe. Sannan duk kyan da awo zai yi bayan wata biyu, ba hujjar ajiye magani ba ne. A kai wa likita sakamakon, shi zai ce a rage ko a bari yadda yake.

Abin da nake nema a wurinku kaɗan ne: dare uku a wannan makon, minti goma kowane dare. Masu hawan jini su rubuta awonsu na yau a takarda, su sake dubawa bayan wata guda. Uwargida, in maigida ya noƙe a daren farko, kada ki yi fushi, ki sake miƙa hannu washegari, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.