Editata ta Farko

A al'adar Bahaushe, 'ya'yan wa da na ƙanwarsa taubasai ne, abokan wasa masu ikon faɗa wa juna gaskiya ba a yi fushi ba. A nan na fara koyon aikin jarida. Lokacin hutun makaranta, ni da taubashiyata mukan ciro tsakiyar littafin rubutu mu haɗa jaridar gidanmu: wa ta haihu, akuyar wa ta ci shanyar dawa. Ni ke rubutawa, ita ke soke duk labarin da gishirinsa ya yi yawa, tana yi mini tsiya. Jami'a ta ba ni takardar shaida, amma tsoron ƙarya a wurinta na samo shi. Abin da ke damuna yau, 'ya'yanmu a WhatsApp kaɗai suka san juna.