Faɗuwar gaban sabon malamin tuƙin jirgin sama

Hausawa sun ce faɗuwar gaba asarar namiji. Magana ce mai kyau a filin kokawa, ko a daren da ɓarawo ya haura katanga. Amma akwai sana'o'in da idan mutum ya shige su gabansa bai taɓa faɗuwa ba, to wajibi ne jama'a su yi hattara da shi. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda na ci abinci da ita shekaru masu yawa, wato koyar da tuƙin jirgin sama. Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi ƴan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati, waɗanda tsakaninsu da jirgi sai dai zuwa aikin hajji. Duk da haka ku yi haƙuri ku biyo ni, domin zancen ya shafi duk wanda aka wayi gari aka ce masa: daga yau kai ne mai koyarwa.

Ni haifaffen Sukukutane ne, cikin ƙasar Arewa, garin da aka fi sani da farar albasa. A ƙuruciyarmu abin da muka sani game da jirgin sama shi ne farin layin da yakan bari a sararin samaniya. A Yamai akwai makarantar EAMAC, wadda aka buɗe a 1963 ƙarƙashin hukumar ASECNA, tana horar da masu ba jirage umarni daga hasumiya da masana yanayi, amma ba a koyon tuƙi a can. Shi ya sa na nufi Zariya, inda aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama tun 1964. Bayan na samu takarduna na kama koyarwa a wata ƙaramar makaranta, kuma a nan ne na gamu da ciwon da nake son in ba ku labarinsa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda ake zama malami a wannan sana'a. Bisa ƙa'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, mai son tuƙa ƙaramin jirgi don kansa yana bukatar aƙalla awa 40 a sama. Mai son a biya shi kuɗi yana bukatar awa 200, ko 150 idan ya bi wani tsari na musamman. Shi kuwa wanda zai shugabanci babban jirgin fasinja sai ya tara awa 1,500. Tsakanin 200 da 1,500 akwai rata mai faɗi, ga shi kowace awa a sama tana cin kuɗin da ɗan talaka ba ya iya biya. Saboda haka matasa da yawa sukan shiga koyarwa domin su cike wannan rata. Abin da ke faruwa ke nan: sau da yawa wanda ke koyar da sabon shiga bai fi shekara ɗaya ko biyu da barin kujerar ɗalibi ba.

Ranar da aka ba ka takardar malanta, sai a tashe ka daga kujerar hagu, inda ka saba zama, a mayar da kai ta dama. Hannun da ya saba riƙe sandar tuƙi ya koma riƙe abin ƙara wuta, agogunan da ke gabanka suka koma gefe, hatta titin sauka sai ka ga kamar ya karkace. Wannan kam da ƴan kwanaki jiki kan saba. Abin da ba ya saurin wucewa shi ne tambayar da ke tashi a zuciya da dare: ni wane ne da za a damƙa mini ran ɗan wani? Ɗalibi ya yi maka tambaya, ka ba shi amsa daidai, amma ka kwana kana jin kamar sa'a ce kawai ta fisshe ka. Ka ga tsofaffin malamai suna raha a inuwar rumfar jirage, sai ka ɗauka kai kaɗai ne ke ɗauke da wannan nauyi, kuma gobe ko jibi asirinka zai tonu.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen sauka. Ƙaramin jirgin koyo yana da sandar tuƙi biyu, ɗaya gaban ɗalibi, ɗaya gaban malami. Jirgi na gangarowa, kana ganin ɗalibi ya yi sama da yawa ko gudunsa ya ragu, kuma abin da ya rage tsakaninku da ƙasa daƙiƙu ne ƙalilan. Idan ka yi saurin karɓe sanda, kun sauka lafiya, amma yaro bai koyi komai ba, ya kuma fahimci cewa ba ka amince da shi ba. Idan ka yi jinkiri, ana iya karya ƙafar jirgi, ko abin da ya fi haka muni. Babu littafin da zai nuna maka daƙiƙar da ta dace. Ka shekara kana koya wa hannunka aiki, yau kuma an ce babban aikinka shi ne ka hana shi motsi, alhali yana kusa da sanda.

Wanda ya warware mini wannan ƙulli bai taɓa shiga jirgi ba. Kawuna ne, maginin rijiya, wanda ya yi aiki a ƙauyuka da dama tsakanin Sukukutane da Matankari. Da na je gida hutu na ce masa: "Kawu, ni fa ina ganin aikin nan ya fi ƙarfina." Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce: "Ɗana, shekarun da na yi ina shiga rami ban san tsoro ba. Ranar da na tsufa na koma bakin rijiya ina riƙe wa yaro igiya, ranar na san shi. Wanda ke ciki ransa ɗaya ya ɗauka, wanda ke waje ya ɗauki biyu. In ka ga mai riƙon igiya yana hira yana dariya bai leƙa ba, kada ka ba shi ɗanka." Ya ƙara da cewa mai riƙon igiya ba ya fid da yaro duk lokacin da ƴar ƙasa ta zubo, in ba haka ba rijiya ba za ta kai ruwa ba. Yana da alamomin da ya sani, kuma su yake jira.

Dokokin sana'ar ma sun san da wannan rauni na sabon malami. Babbar rana a rayuwar ɗalibi ita ce ranar da malami zai fita daga jirgi ya ce masa ya tashi shi kaɗai. Daga baya kuma dole ya yi doguwar tafiya shi kaɗai ta aƙalla kilomita 270, wato kusan nisan Yamai zuwa Dogon Dutsi a mota, ya sauka a filaye biyu dabam. A ƙa'idar ƙasashen Turai, sabon malami ba shi da ikon sakin ɗalibi a karon farko har sai ya koyar awa 100 kuma ya sa ido kan tashin ɗalibai su kaɗai sau 25, duk a ƙarƙashin kulawar wani babba. Da na karanta wannan sai hankalina ya kwanta, domin na gane cewa waɗanda suka tsara doka ba su taɓa zaton takarda kaɗai na mayar da mutum gwani ba.

Abin da rashin shakka ke haifarwa kuwa, tarihi ya rubuta shi da jini. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo mai kauri. Mutum 583 suka rasu, kuma har yau ba a yi hatsarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka ba. Matuƙin jirgin KLM, Jacob van Zanten, shi ne shugaban masu horar da matuƙan wannan samfurin jirgi a kamfaninsa, malamin malamai ke nan. Ya fara gudun tashi ba tare da an ba shi cikakken izini ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya bar titi, shi kuwa ya amsa da ƙarfin zuciya cewa ya bari. Shakkar da za ta ceci mutane tana cikin ɗakin tuƙi a wannan rana, amma a bakin ƙarami take, kuma tabbacin babba ya danne ta. Bayan wannan masifa da wasu irinta ne kamfanoni suka shiga koya wa manya sauraron na ƙasa da su, su kuma na ƙasa aka koya musu buɗe baki.

Sai dai kada a ce na yabi kowace irin shakka. Akwai wadda ke cin mai ita kamar gara. A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu kan mata sama da 150 masu manyan takardu da muƙamai, waɗanda duk da nasararsu suke ganin kansu a matsayin masu yaudarar jama'a. Irin wannan shakka tambayarta ɗaya ce kullum: na isa ko ban isa ba? Tambaya ce da ba ta da amsa, kuma malamin da ta kama yakan zama mai yawan ƙwace sanda, mai faɗa, mai ɓoye abin da bai sani ba. Shakka mai amfani kuwa tambayarta game da aiki ne: an duba mai? iska daga ina take kaɗawa? wannan yaro ya sauka daidai sau nawa a jere ba tare da na taɓa komai ba? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da amsa, kuma ana iya tashi a je a nemo ta.

Dabarar da muka gada ita ce mayar da ta farko ta koma ta biyu. Kafin a tashi, malami ya yanke wa kansa iyaka: idan gudu ya sauko ƙasa da kaza, ko jirgi ya kauce daga tsakiyar titi da kaza, zan karɓa, in bai kai nan ba hannuna na kan cinyata. Miƙa sanda kuma sai da magana uku: malami ya ce jirgi na hannunka, ɗalibi ya ce yana hannuna, malami ya sake tabbatarwa. Idan aka yi maka tambayar da ba ka da tabbacinta, ka ce mu buɗe littafi tare. Idan kana kokwanton ko ɗalibi ya nuna, ka roƙi wani tsohon malami ya tashi da shi sau ɗaya. Matambayi ba ya ɓata. Abu ɗaya ne ba a yarda da shi ba: ɗalibi ya ji rawar murya a bakin malaminsa suna sama. Lissafin damuwa a ƙasa ake gama shi.

Alhajin da zai fara tura yaronsa da motar albasa zuwa kasuwa mai nisa, da kuɗin mutane a aljihu, ya san wannan dare na rashin barci. Haka sabon mushe da aka kai lakwal ɗin ƙauye shi kaɗai da yara cike da aji, haka ma'aikacin da aka ɗaga ya shugabanci waɗanda jiya suke tebur ɗaya. Kirana ga manya a kasuwa da ma'aikatu shi ne, idan sabon da kuka ɗora ya zo ya ce gabansa na faɗuwa, kada ku yi masa dariya, kada kuma ku sallame shi da cewa ba komai. Ku zauna da shi ku nuna masa alamomin da ku kuke dubawa, ku gaya masa iyakar da in an kai ta dole a ja igiya. Wanda ya kamata ku sa wa ido shi ne wanda ya karɓi aiki jiya, yau ba shi da tambaya ko ɗaya.

Allah shi ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana, shi kuma sauki kowane matafiyi lafiya.