Mantuwar Da Ba Ta Da Littafi Na Uku

Yau ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba, ku yi haƙuri da ni, wata magana ce ta tsaya mini a rai.

Mu marubuta mun saba wasa da mantuwa. In labari ya cije, sai mu sa jarumi ya yi haɗarin mota, ya farka bai san ko sunansa ba, a littafi na uku ya hango masoyiyarsa, tunaninsa ya dawo tar. Amma mantuwar da ke cikin gidajenmu ba ta da littafi na uku.

Goggona ce ta goya ni, a bakinta na fara jin tatsuniya. Yau sai ta ci tuwo ta wanke hannu, ta ce an hana ta abinci. In na gaishe ta sai ta ce, "Ɗan wa ne wannan?" Wasu suka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce sammu. Likita ya ce ciwon Alzaima ne: wani sinadari da ake kira amiloid ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana daskarewa, ƙwayoyinta suna mutuwa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da irin wannan mantuwa.

Abin mamaki, cikin wuraren da masana ke lalubar magani har da dafi. Kada ku ce tatsuniya ce. Maganin hawan jini Captopril, da aka amince da shi a Amurka a 1981, daga nazarin dafin wani macijin Barazil aka samo shi. Dafi yana aiki ne da saiti, kai tsaye yake zuwa ga jini ko jijiya. In aka tsamo ƙwayar sinadari ɗaya daga cikinsa aka daidaita ta, wannan saitin ne ke zama magani.

A 2016 masana a Jami'ar Monash ta Ostareliya suka ba da labarin wani sinadari daga dafin maciji mai ƙara wa jiki kuzarin narkar da amiloid. Sai dai aikin ɗakin gwaji ne, ba maganin da ake rubuta wa mara lafiya ba.

Wanda ya fi nisa shi ne na wani ƙadangare mai dafi, Gila, da ke saharar Amurka da Meziko. A 1992 Dokta John Eng ya bayyana wani sinadari daga dafinsa, a 2005 ya zama maganin ciwon suga mai suna Byetta. Da aka ga yana kare ƙwaƙwalwar ɓeraye, sai aka gwada shi a Ingila kan masu ciwon Fakinsan, mai sa karkarwa, wanda shi ma kan taɓa tunani. Ƙaramin gwajin 2017 ya faranta rai. Babban gwajin da aka fitar a 2025, kan mutum 194, ya nuna bai tsayar da ciwon ba. Ranar da na karanta haka jikina ya yi sanyi.

Don haka ina roƙonku, in mai tallar magani ya zo da kwalba yana cewa Turawa ma sun yarda dafi na dawo da tunani, ku riƙe kuɗinku. Ɗanyen dafi kisa yake yi, mutanen Kaltungo da ke fama da kububuwa shaida ne. Tsakanin bakin maciji da kantin magani akwai shekaru masu yawa na gwaji.

Kafin masana su dace, akwai abin da ke hannunmu. A kai tsofaffinmu asibiti da wuri, a kula da hawan jini da suga, a daina yi musu tsawa ko kulle su a ɗaki. Wanda kuma tsohonsa ke da sauran tunani, ya zauna ya kwashi tarihin gidansu tun yau.

Mako mai zuwa za mu ɗora daga inda muka tsaya. Ku sa Goggo a addu'a.