Kwana Ɗaya A Gangaren Repack: Inda Ake Musu A Kan Tayar Keke

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Ni dai tun ina ɗan firamare nake hawan keke, har na girma ina ɗaukar kaina gwani, ban taɓa zaton akwai wani karatu da ya rage mini a kansa ba, sai da Allah Ya kai ni wani ɗan gari da ake kira Fairfax a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. A can ne ƙasa ta kayar da ni, sa'an nan mutanen wurin suka zaunar da ni suka koya mini abin da ban sani ba game da taya.

Dalilin tafiyar kuwa shi ne ziyarar wani ƙanena da ke aiki a kusa da birnin San Faransisko. Wata Asabar a cikin watan Satumba ya ce mu je in ga inda aka haifi keken hawa dutse. Muka ƙetare gadar Golden Gate, wadda aka buɗe a 1937, hazo ya rufe teku ruf, muka miƙa arewa tafiyar kamar mil 20 cikin gundumar Marin. Ta hannun hagu ga Dutsen Tamalpais tsaye, tsawonsa ya haura ƙafa 2,500. Gindinsa dogayen itatuwa ne masu duhuwa, kafaɗunsa kuwa ciyawa ce busasshiya ja-ja, kamar dajinmu a watan Disamba. Yanayin wurin kishiyar namu ne: ruwa yakan sauka da sanyin hunturu, lokacin zafi kuwa ƙasa takan bushe ƙarau, ƙura ta yi ta tashi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne tushen musun da zan ba da labarinsa.

GARIN MAHAYA

Fairfax ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai 8,000 ba, amma ko'ina ka duba keke ne, a jingine a bakin kanti, a ɗaure a bayan mota, ko a ƙarƙashin wani tsoho mai furfura. A tsakiyar garin akwai gidan adana kayan tarihin keke wanda aka buɗe a 2015. Can muka fara shiga, na ga kakannin kekunan da ake ji da su yau.

Labarin ya samo asali ne a shekarun 1970, lokacin da wasu samarin yankin suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan kamfanin Schwinn na wajen 1930 zuwa 1940, masu nauyin tsiya, suna gangarowa da su daga kan duwatsu. Abin da ya ja su ga waɗannan tsofaffin ƙarafa shi ne tayarsu mai kauri, wadda faɗinta ya ɗan zarce inci 2, alhali kuwa tayar keken tsere ta kan kwalta siririya ce, ba ta jure tsakuwa. Watau tun ranar farko taya ce ta haifi wannan wasa.

A ranar 21 ga Oktoba, 1976, suka yi tseren farko a wata hanyar burji ta motocin kashe gobarar daji da ke yamma da garin. Tsawonta mil 2 ne da 'yan kai, amma a cikin wannan ɗan taƙi tana gangarawa ƙafa 1,300. Alan Bonds ne ya ci, domin shi kaɗai ne bai faɗi ba. Birkin kekunan nan a cikin cibiyar ƙafar baya yake, sai an danna feda baya yake kamawa, kafin a kai ƙasa giris ɗin ciki ya ƙone yana hayaƙi, dole a kwance a sake cusa wani. Daga wannan sake cusa giris ne hanyar ta sami sunanta na Turanci, Repack. Charlie Kelly ne ya riƙa shirya tseren, Gary Fisher kuma shi ya kafa tarihin gudu da minti 4 da daƙiƙa 22. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keke na musamman domin dutse, a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a kasuwa, a 1996 kuwa wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta.

YADDA NA SHA ƘASA

Da muka fito sai muka yi hayar kekuna biyu. Yaron kantin ya auna iskar tayoyin da ma'auni, ya miƙo mini. Na latsa da babban yatsa, na ji ta yi laushi kamar cikakkiyar gwanda. A raina na ce yaron nan bai san aikinsa ba, domin mu a gida in ka kai wa mai faci keke, ba ka yarda an gama ba sai ka ƙwanƙwasa taya ka ji ta yi tauri kamar dutse. Da muka isa bakin daji na karɓi famfon ƙanena na dinga bugawa. Ya ce, "Yaya, da ka bar ta yadda suka sa." Na ce masa tun ba a haife shi ba nake hawan keke. Ya yi shiru, don ladabi.

Muka sha hawa har gumi ya jiƙe mu, muka isa kan tudun da Repack ta faro. Hanyar ƙasa ce mai tauri, an barbaɗa mata tsakuwa da ƙura a sama, ga zaizayar ruwan bara ta yanka ta tsaye da kwance. Tun farkon gangara na ji keken yana tsalle yana karkarwa, hannuwana suna girgiza. Da na iso wata kwana wadda ƙasarta ta karkata waje, na juya kan keke, sai ƙafar gaba ta zame kamar an ja tabarma a ƙarƙashina. Kafin in ce Innalillahi ina kwance, gwiwar hannu ta saluɓe, wando ya yage.

Wasu mahaya uku da ke bayanmu suka tsaya: wani dattijo wanda zai kai shekara 70, da wata mace mai aikin jinya, da wani saurayi makanikin keke. Matar ta wanke mini ciwon ta ɗaure. Dattijon kuwa bai ce uffan ba, ya je ya latsa tayata, ya ciro ɗan ma'auni daga aljihu ya ɗora. Allura ta nuna fam 48. Ya yi murmushi, ya sassauta iskar har ta dawo 23 a gaba, 26 a baya. Ya bayyana mini cewa taya mai tauri da ɗan tsininta kawai take taɓa ƙasa, in ta hau tsakuwa sai ta yi tsalle, a lokacin da take sama kuwa babu birki babu juyi. Mai laushi ita ce ke shimfiɗuwa, ta rungumi dutsen, haƙoranta su nutse a ƙasa. Na tashi na hau, ragowar gangaren na ji keken ya lafa kamar an sake shi. Gani ya kori ji.

MUSU A GINDIN ITACE

A ƙasan gangaren muka zauna a inuwa kusa da wani rafi da ya kusan ƙafewa, nan fa zance ya koma kan taya, na ga abin mamaki. Mutanen nan uku sun yi shekaru suna hawa tare, amma ba su taɓa yarda da juna a kan wannan batu ba.

Saurayin ya ce shi a ƙafar gaba ba ya sa komai sai Minion DHF ta kamfanin Maxxis. Ya nuna mini haƙoranta: jeri biyu a tsakiya, manya-manya a gefe, tsakaninsu kuma fili kamar kwari. Ya ce wannan fili shi ne sirrin, domin in ka kwantar da keke sosai a kwana, haƙoran gefe sukan sami wurin da za su caki ƙasa su riƙe gam. Sai dai tana son mai ƙarfin zuciya. Wanda ya kwanta rabi da rabi, a kan filin nan zai tsaya, ya ji keke yana neman suɓucewa.

Matar ta ce ai wannan aibi ne yake kira sirri. Ita Assegai take sawa, ta kamfani ɗaya, wadda aka fitar a 2018 tare da shawarar Greg Minnaar, ɗan Afirka ta Kudu da ya ci kambun duniya na tseren gangara sau huɗu. Sunan tayar ma na mashin Zulu ne. An cike mata wancan fili da ƙananan haƙora, saboda haka ko yaya ka karkata akwai abin da ke riƙe da ƙasa. Ta ce ita ranar Litinin marasa lafiya suna jiran ta, ba ta da halin karya ƙashi, don haka ta fi son tayar da ba ta yi mata ba-zata. Ta amsa da bakinta cewa tayar tana da nauyin ja a hawa, kuma in laka ta yi danƙo takan toshe tsakanin haƙoran.

Dattijon ya saurare su duka, sa'an nan ya ce kowannensu maganar watan Satumba yake yi. In ruwa ya sauka a Janairu, saiwoyin itatuwa suka yi santsi, ƙasa ta jiƙe, shi sai ya koma ga Magic Mary ta kamfanin Schwalbe na Jamus, mai dogayen haƙora a warwatse, waɗanda ke huda taɓo su kuma kakkaɓe shi da kansu. Da rani kuwa, da yake yawancin tafiyarsa a faffaɗan hanyoyin burji ne, irin tsohon layin dogon da ya riƙa hawa Tamalpais daga 1896 zuwa 1930, sai ya sa mara nauyi mai gajerun haƙora, don ƙafafunsa sun tsufa. In kiɗa ya sake, in ji shi a ma'ana, rawa ma sai ta sake.

Abin da suka haɗu a kai kaɗan ne, amma shi ne mai amfani. Na farko, aikin ƙafar gaba dabam, na baya dabam. Ta gaba ita ke juyi, in ta zame mutum ya faɗi, don haka ita ake ba roba mai laushi da manyan haƙora. Ta baya ita ke tura keke da ɗaukar nauyi, in ta ɗan zame ana iya gyarawa, saboda haka akan ba ta roba mai ɗan tauri wadda ba ta saurin suɗewa. Na biyu, taura biyu ba ta taunuwa. Roba mai laushi tana kama dutse kamar ƙaro, amma tana cin ƙarfin mahayi, tana kuma ƙarewa da wuri. Taya mai kaurin gefe ba ta yagewa a kan duwatsu masu kaifi, amma nauyinta yakan wuce kilo ɗaya, alhali ta tseren dogon zango ba ta cika kai gram 800 ba. Da yake taya guda mai kyau tana iya kai dala 80 ko fiye, kuskuren zaɓe ba ƙaramar hasara ba ne.

Na tambaye su, to in laushi ne alheri, me zai hana a sace iskar gaba ɗaya? Makanikin ya ce kowane abu da iyakarsa. In iska ta yi ƙaranci ƙwarai, taya takan lanƙwashe a kwana, in kuma ta daki dutse sai bakin ƙarfen ƙafa ya tsinke tiyub ya huda shi wuri biyu, abin da suke kira saran maciji. Wannan ne ya sa yawancinsu suka daina sa tiyub. Tun 1999 kamfanonin Faransa, watau Mavic da Michelin da Hutchinson, suka fito da tsarin taya mara tiyub. Yanzu akan zuba wani ruwan roba mai kama da madara a ciki, in ƙaya ta huda sai ruwan ya bi iska ya toshe ramin nan take, mahayi bai ma sani ba. Sai dai ruwan yakan bushe bayan 'yan watanni, a sake zuba wani. Da na ji haka sai na tuna yawan yammacin da na ɓata a gindin bishiya ina jiran mai faci saboda ƙayar aduwa.

ABIN DA NA KOMO DA SHI

Da la'asar muka koma gari muka mayar da kekuna. Yaron kantin ya dubi bandejin hannuna bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ba shi labari ba, amma na gode masa fiye da yadda ya zata. A mota ƙanena ya yi ta kallon hanya yana danne dariya, har na ce masa ya yi abarsa, ya ci.

Ba na cewa mai faci na gida ya yi kuskure. Wanda ya ɗora buhun masara a kan kariya zai bi kwalta, dole ya cika iska, in ba haka ba tiyub ya tsinke. Kuskurena shi ne ɗaukar dokar wata hanya na kai ta wata, na kuma ƙi jin maganar na ƙasa da ni. Mahayan Marin sun fi shekara 40 suna wannan musu ba su gama ba, domin tambayar wace taya ce ta fi kyau ba ta da amsa sai an faɗi wace ƙasa, wane wata, kuma wane mahayi. Saboda haka duk wanda hanyarsa ta bi ta yashi ko tsakuwa, ya gwada rage iska kaɗan kafin ya zargi kekensa, ya kuma fi kula da ƙafar gaba in haƙoranta sun fara suɗewa. Tabon gwiwar hannuna yana nan har yau yana tuna mini. Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, amin.