Shekara shida ina koyon harbin saiti a tsaye

Duk wanda ya ce maka yana iya tsayawa cik kamar turke, miƙa masa bindigar iska mai nauyin kilo 5, ka sa masa ɗigon baƙi a nisan mita 10, ka ce ya saita. Kafin ya ƙirga biyar zai ga ɗigon yana rawa, ya yi dama ya yi hagu, ya hau ya sauka. Ɗigon nan yana inda aka manna shi. Mutumin ne ke motsi, kuma tun ranar da ya fara tafiya da ƙafarsa haka yake motsi, bai dai taɓa samun abin da zai nuna masa ba.

Ni ɗan kasuwa ne, na haura hamsin. Zamana a Kwatano, sana'ata shigo da motocin hannu da kayan gyaransu daga Jamus. Kowace shekara nakan yi wata biyu zuwa uku a wani ƙaramin gari kusa da Hambok, inda nake tara kaya kafin a loda su a jirgin ruwa. Wanda ya taɓa yin hunturu a can ya san yadda yake: ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, an kulle gareji, kai kaɗai a ɗaki da waya. Tsohon da nake sayen motoci a wajensa, bakanike ne da ya ba saba'in baya, shi ya gaji da ganina a takure ya ce in raka shi kulob ɗinsu na masu harbin saiti.

Sai na ɗan yi bayani a nan, domin na san abin da kalmar bindiga take tayarwa a zukatanmu. Muna yara, idan aka ce 'yan bindiga, mutanen sarki ake nufi, masu buga bindigar toka ranar hawan sallah, mu bi su da gudu muna toshe kunne. Yau kalmar ta koma sunan waɗanda suka hana mutanenmu noma da barci a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Ni ma ina da 'yan uwa da suka bar ƙauye saboda su. Don haka ban shiga wurin nan da sakin fuska ba. Abin da na tarar shi ne dogon ɗaki mai haske, shiru kamar ɗakin jarrabawa, tsofaffi da mata da 'yan makaranta a jere, kowa yana kallon 'yar takarda. Bindigar ba ta amfani da albarushi. Iska ce a matse take tura ɗan harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5, ƙararsa ba ta wuce ta taɓa hannu ba. Wasan tsoho ne a ƙasar. Ƙungiyarsu ta ƙasa an kafa ta tun 1861 a garin Gotha, mambobinta sun haura miliyan ɗaya, kuma da wuya ka shiga gari ka rasa irin wannan kulob.

Ga yadda abin yake. Zoben da ake ƙirga maki a cikinsa gaba ɗaya faɗinsa milimita 45.5 ne. Tsakiyarsa, inda maki 10 yake, ɗigo ne mai rabin milimita, kamar ka ɗora bakin biro a takarda ka ɗauke. A manyan gasanni, har da Olamfik, ana harbi 60 cikin minti 75, duk a tsaye, kuma na'ura ce ke aunawa har zuwa 10.9, wato mafi yawan abin da za a iya samu 654. Bindigar ba za ta wuce kilo 5.5 ba. A kulob irin namu harbi 40 muke yi, makin ƙoli 400. Daren farko da aka ƙirga mini, ban kai 280 ba. Wata yarinya 'yar shekara 14 da ke gefena ta wuce 370, ta naɗe kayanta ta tafi yin aikin makaranta.

Harbi a kwance da harbi a durƙushe suna da madogara, ƙasa tana taimaka maka. A tsaye kuwa ba ka da komai sai tafin ƙafa biyu. Abu na farko da tsohon ya koya mini shi ne ƙarfi ba ya aiki a nan. Mu da muka saba ɗaga injin mota, tunaninmu shi ne a damƙe abu da kyau. To, tsokar da ta damƙe ita ce take rawa. Sai ka tsaya ka ba takardar gefenka, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ka tura ƙugu gaba kaɗan, ka ɗora gwiwar hannun hagu a kan ƙugun, bindigar ta zauna a kan hannun. Nauyin ya bi ƙashi ya sauka ƙasa, kamar yadda mai tallan ruwa take barin tulu ya zauna a kanta ba tare da ta yi kokawa da shi ba.

Na biyu, ka rufe ido bayan ka daidaita, ka ja numfashi sau biyu ko uku, ka buɗe. Inda bakin bindigar ya nufa, nan jikinka yake so. Idan ba kan ɗigon ba ne, ƙafa za ka gyara, kada ka ja da hannu, domin abin da ka jawo da ƙarfi zai koma inda ya fito daidai lokacin da harsashi ke fita. Na uku, numfashi: ka sauke shi, ka dakata, harbin ya fita cikin 'yan daƙiƙu. Idan ka wuce kamar daƙiƙa 8 kana jira, ido ya fara yaudararka, jiki ya fara neman iska. Sai ka sauke bindigar ka sake daga farko. Wannan saukewar ta fi komai wuya, domin zuciya tana ce maka ai ka riga ka sha wahala, ƙarasa kawai. Na huɗu, kunamar bindigar tana da laushi ƙwarai, ana matsa ta a hankali har harbin ya fita da kansa. Wanda ya ga ɗigon ya zo tsakiya ya fizga don kada ya wuce, shi ne mai samun 7. Bayan harbin kuma ka ci gaba da tsayuwa kamar ba a yi ba, ka faɗa wa kanka inda ya sauka kafin ka duba.

Duk wannan za a iya gaya wa mutum cikin rabin awa. Shigar da shi jiki ne ke cin shekaru. Kuma rawar nan ba ta ƙarewa, har zakarun duniya suna da ita. Atisaye yana rage faɗinta, ya sa ka san ta kamar yadda ka san halin tsohon abokin ciniki, ka daina jin tsoronta.

Matsalata ita ce wata tara na shekara ina Kwatano, bindiga kuwa tana kulle a akwatin kulob a Jamus. Ban taɓa tunanin ɗauko ta ba, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya kuskura ya saka ko da bindigar iska a cikin kaya ko kwantena. Abin da doka ta yarda da shi a can ba shi ne ta yarda da shi a ƙasashenmu ba, kuma jami'in kan iyaka ba zai tsaya jin labarin wasanni ba. Da na gaya wa tsohon damuwata, sai ya ce rabin atisayen ƙwararru ma ba harsashi a ciki, riƙewa ce kawai da tsayuwa. Ya ce in nemi wani abu mai tsawo da nauyi.

Na so in sa kafinta ya sassaƙa mini katako. Uwargida ta ce, “Alhaji, ba za a shigo mini da abu mai siffar bindiga gidan nan ba, ko na katako ne. Yara suna gani, maƙwabta suna gani.” Gaskiyarta ce. Washegari ta jingina mini tsohuwar taɓaryarta a ƙofar ɗaki, ta ce, “Ga wannan, in dai nauyi kake nema.” Na ɗaura mata ƙullin yashi a gaba, na kai ta kan sikelin shago har ta kai kilo 5. Na ɗiga baƙin fenti a bangon ɗaki daidai tsayin idona.

Shekara shida ke nan, bayan sallar asuba, kafin gari ya ɗauki hayaniya, nakan rufe ƙofa in yi minti 35. Minti biyar na farko tsayuwa ce ba komai a hannu, ƙafafu a haɗe, ido a rufe. Gwada ka gani, za ka ji kanka kana lilo kamar dawa a iska. Daga nan in ɗauki taɓarya in riƙe minti ɗaya, in sauke rabin minti, in sake, har sau 20. Ina da ɗan littafi irin na rubuta bashi, a ciki nake rubuta kwanan wata da abin da na ji: yau ƙafar dama ta ɗauki nauyi da yawa, yau na sha shayi mai ƙarfi hannu yana rawa, yau barci bai ishe ni ba. Littafi na huɗu nake ciki. Babu mai tafa mini, babu maki, babu ko ƙarar harbi. Akwai safiyar da nake jin wauta ce tsagwaronta, dattijo da furfura yana nuna bango da taɓarya. Irin wannan safiyar ma ina yi, domin na lura idan na bar kwana uku, na huɗun sai ya nemi hujja.

Abin da ke ƙarfafa ni labarin waɗanda suka fi ni ne nesa ba kusa ba. Abhinav Bindra na Indiya ya je Olamfik ta Sidni a 2000 yana ɗan shekara 17. A Atan a 2004 ya kai zagayen ƙarshe ya ƙare na bakwai. Ya koma ya ci gaba, yana zuwa Jamus wajen masu horar da shi, ya zama zakaran duniya a 2006. A Beijin a 2008, kafin harbin ƙarshe makinsa ɗaya da Henri Häkkinen na Finlan. Bindra ya harba 10.8, wancan ya harba 9.7. Ita ce zinariyar farko da wani ɗan Indiya ya ci shi kaɗai a Olamfik. Mahaifinsa mai hali ne, har filin harbi ya gina masa a gida, amma kuɗi ba su tsaya masa a kan ƙafa ba. A Riyo a 2016 kuma ya ƙare na huɗu, ya ajiye.

Na fi yawan tuna Matthew Emmons na Amurka. A 2004, a gasar mita 50, yana kan gaba da tazara, saura harbi ɗaya a tsaye, sai ya harbi takardar wanda ke gefensa. Ya faɗo na takwas. Ya yi shekara huɗu yana shiri, ya dawo Beijin, ya sake kasancewa a gaba kafin harbin ƙarshe, kunamar ta tashi kafin ya gama saiti, ya samu 4.4, ya ƙare na huɗu. Wani da ya jefar da bindigar. Shi ya sake komawa atisaye, a Landan a 2012 ya ci tagulla a wannan gasar dai. Duk ɗan kasuwar da kaya suka taɓa nutse masa sau biyu ya san irin zuciyar da ake buƙata kafin a sake buɗe shago.

Bara na samu 352. Na san a wajen ƙwararru abin dariya ne, amma ni na san safiya nawa ke cikinsa. A wannan zuwan ne mai horar da kulob ya kira ni gefe. A Jamus wanda ya haura shekara 50 an yarda ya koma rukunin dattawa, inda ake ɗora gaban bindigar a kan madogari. Ya ce gwiwata ta fara ƙara, idona ya fara neman tabarau, a can makina zai tashi nan take. Abokina tsohon ma can yake harbi yanzu, ba abin kunya ba ne. Na kwana biyu ina juya maganar. Na koma na ce masa ya bar ni a tsaye tukuna. Madogarin zai ɗauke mini daidai abin da na zo nema, wato sanin yadda zan zauna lafiya da rawar jikina. Ranar da ƙafa ta ce ta gaji, zan karɓi madogarin in yi godiya.

Babban ɗana, wanda ke riƙe mini shago idan na yi tafiya, ya taɓa tambayata, “Baba, wai me ake samu a ciki? Ko kofi ba ka taɓa kawowa ba.” Na ce masa ya tuna shekararsa ta farko a shago, da na hana shi taɓa kuɗi, aikinsa shara da jera kaya da sauraron yadda ake ciniki. Ya ce ya tuna, har kuka ya yi. Na ce yau idan mutum ya shigo, kafin ya buɗe baki ka san mai saye ne ko mai taya wa wani. Wa ya koya maka? Ya yi shiru. Yau da gobe ita ke sa allura ta haƙa rijiya. Abin da na ƙara samu kuma, na koyi sauke hannu. Cinikin da na ji zuciyata tana gaggawa a kansa, yanzu nakan ce a bari sai gobe, kamar yadda nake sauke bindiga idan daƙiƙun sun wuce.

Ga 'yan uwa da 'ya'yansu ke girma a Turai: idan yaro ya zo ya ce yana son shiga irin wannan kulob, kada a yanke hukunci da jin sunan kawai. A Jamus daga shekara 12 ake barin yaro ya fara da bindigar iska, da izinin iyaye, a gaban mai kula. Ku je da ƙafarku ku zauna ku kalli awa ɗaya, ku ga su wane ne a wurin, ku tambayi dokokinsu. In kun amince, ku gaya masa tun farko cewa watannin farko gajiya ce da ciwon baya da maki marar daɗi, kuma ba a barin abu a tsakiya don ya daina burgewa. A nahiyarmu ma wasan yana nan, Masar ta karɓi gasar duniya a Alƙahira a 2022.

Ni dai in Allah ya kai mu Nuwamba zan koma lodin kaya, kuma 360 nake nema. Maki takwas ne tsakanina da ita. A lissafina zai iya cin shekara biyu, Hajiya kuma ta riga ta ce taɓaryar ta zama tawa, ta sayi sabuwa.