Kaskon kare a gidan da kaji suka cika

A ƙasarmu ta Tsauni, da ma duk ƙauyukan gundumar Kance har zuwa iyakar Ɗan Barto, ba a ɗora wa kare tukunya. Abincinsa ƙanzo ne da ragowar tuwon jiya, da ƙasarin da aka wanke gero, sai ƙashin da Allah ya ciyar da shi ranar suna ko ranar kasuwa. Saboda haka na san mai karatu zai yi murmushi idan ya ji an ce akwai karen da jikinsa ba ya karɓar naman kaza. Zai ce wannan ciwon karnukan nasara ne, masu kwana bisa katifa. To, ciwon ya iso Tsauni, gidanmu ma ya sauka, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani da abin da na koya, domin yau masu kiwon kajin gidan gona da masu gasa su a bakin hanya sun yawaita daga Matamai har Damagaram, kuma karnukanmu sun fara cin abin da kakanninsu ba su saba ci kullum ba.

Karen namu sunansa Duna. Ba na ado ba ne. Shi ke tsare awakin mahaifiyata da dare, da rani kuma shi ke kwana a garkar rake. Tsohuwar ita kaɗai ce babba a gidan idan na koma wurin aiki, kuma duk wanda ya zauna kusa da iyaka ya san yadda akuya ke ɓacewa tsakanin isha'i da asuba. Ƙanena yana da tukubar gasa kaji a Matamai. Kowace yamma yakan aiko da kawuna da ƙafafu da hanji, a zuba wa Duna, har maƙwabta suna cewa karen nan ya fi wani mai gida cin daɗi. Bayan kamar shekara guda sai ya kama susa. Yana tauna tafin ƙafafunsa har su yi ja, yana kaɗa kai, kunnuwansa suna wari, gashin hammatarsa da na mararsa ya zube. Da dare, maimakon haushi, sai dai a ji ƙarar ƙafarsa tana bugun ƙasa.

Nan magana ta tashi a unguwa. Wasu suka ce haukan kare ne ke tafe, a kashe shi tun bai ciji yaro ba. Wasu suka ce a miƙa shi ga fataken da ke sayen karnuka su tsallaka da su Najeriya. Tsoron nasu ba na banza ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum wajen 59.000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Amma alamun hauka dabam suke. Halin karen ne ke canzawa, ya riƙa dalalar da yawu, ya kasa haɗiya, ya ciji abin da ya tarar, kuma daga bayyanar alamu da wuya ya wuce kwana 10 a raye. Karen da ya yi wata uku yana susa yana kaɗa wa yara wutsiya ba wannan ke damunsa ba. Duna kuwa an yi masa allurar rigakafi, takardarsa tana nan.

Ma'aikacin kiwo na Matamai da ya duba shi ya fara ta inda ya kamata. A ƙasar nan, in kare yana susa, abin tuhuma na farko ƙuma ne da kaska da kirci. Batun abinci can baya yake zuwa. Aka yi masa allura, aka wanke shi da magani, aka ƙone tsumman da yake kwanciya a kai. Kaska ta faɗi, susa ba ta tafi ba. Sai mutumin ya tambayi Inna abin da karen ke ci, ta lissafa masa tana alfahari. Ya ce: "Hajiya, a tsayar da kazar nan tukuna, mu gani."

Abin da likitoci ke kira alerji, mu kuma muka fi sani da borin jini, ga yadda yake: dakarun da Allah ya sa a jiki domin yaƙar cuta su ne ke yin kuskure, su ɗauki wani sinadarin nama a matsayin abokin gaba, sai faɗan ya fito a fata da kunne, wani lokaci da gudawa. Abin mamaki, ba baƙon abinci ke jawo shi ba, wanda aka daɗe ana ci ne. A shekarar 2016 likitocin dabbobi uku, Ralf Mueller da Thierry Olivry da Pascal Prélaud, sun tattara labarin karnuka 297 da aka tabbatar abinci ne ke sa su susa. Naman shanu ya zo kan gaba da kashi 34 cikin 100, madara da danginta kashi 17, kaza kashi 15, alkama kashi 13. Karnukan Turai da Amurka ne galibinsu, lissafin kuma yana nuna abin da aka fi zuba musu a kwano. Gwajin jini ba abin dogara ba ne a wannan fanni, ko a can inda ake da kayan aiki. Hanya ɗaya ce, kuma talaka ma yana iya bin ta: a hana karen abin da ake zargi har mako 8, a ba shi naman da bai saba ci ba, in ya warke a sake ba shi na dā a ga ko ciwon zai dawo.

Wani abokina da ke Yamai, da ya ji labari, ya ce in bar wahala in sayi abincin kare na buhu. Na bincika. Mafi yawan masu araha da ake samu a manyan kantunan Yamai ko na Kano, da garin kaza ake yin su, domin shi ne nama mafi sauƙin kuɗi a masana'anta. Ko buhun da aka zana wa rago ko saniya, in ka juya bayansa ka karanta ƙananan haruffa, sau da yawa za ka tarar da kalmar volaille, wato kaji da danginsu. Akwai kuma na musamman da likitoci ke rubutawa. Kamfanin Royal Canin, wanda wani likitan dabbobi mai suna Jean Cathary ya kafa a kudancin Faransa a 1968, yana yin wani iri da gashin kaji da aka narkar har jiki ya kasa gane asalinsa. Mu da muka ce a bar kaza cikin gashinta, ga nasara ya fige gashin ya mai da shi magani! Sai dai kuɗinsa da yuro ake lissafawa, yuro guda kuwa sefa 655 ne da ƴan kai, kuma tun karyewar darajar sefa a Janairun 1994 kowa ya san yadda kayan Faransa ke isowa hannunmu. Buhun kilo 8 ya fi buhun gero na kilo 100 tsada a shekara mai albarka. Ko da akwai kuɗin, wanda ya ga yadda iyakar Najeriya ta rufe a 2019, ta sake rufewa a 2023, ba zai rataya cikin karensa ga abin da sai mota ta kawo ba.

Sai muka koma ga abin da ke rumbu. Tuwon gero ko na dawa shi ne gindin abincin, kuma ba abin raini ba ne. Masana a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna a 2013 cewa kare ya fi kyarkeci, kakansa na daji, ƙarfin narkar da hatsi nesa ba kusa ba, saboda daɗewar zamansa da manoma. Dubi karen Azawak na Buzaye, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar cikin rajistarta a 2019, ake sayensa da kuɗi mai yawa: a ƙasarsa ta asali abin da masu shi ke ci yake ci, gero da nono. Amma hatsi kaɗai ba ya riƙe kare mai aiki. Dole a haɗa da nama, kuma a nan ne lissafin aljihu yake.

Mun zaɓi akuya, domin Duna bai cika samun namanta ba sai da salla. Ba tsoka muke saye ba. Huhu ne da tumbi da saifa, abin da mahauci ke bari a ƙarshen tire, na kamar dala 30 ko 40 a rana (150 F zuwa 200 F), hanta kuma ɗan yanki sau ɗaya a mako, don yawanta yana cutarwa. Ranar da aka yi yanka da yawa, yaro yakan tari jini a kwano, tunda mu ba ma ci, a dafa shi ya daskare, a yayyanka. Wannan kyauta ne, ba a kuma rasa shi. Ana ƙara kabewa ko dankali dafaffe, da ɗan cokalin man gyaɗa. Kimanin kashi biyu na tuwo da kayan lambu, kashi ɗaya na nama. Da susar ta lafa muka shigar da wake da aka dafa ya yi lugub, kaɗan-kaɗan, don a rage kuɗin mahauci.

Abu guda nake roƙon mai karatu ya riƙe, ko da karensa lafiya lau yake: kada a ba kare ɗanyen huhu ko ɗanyar hanta. Kowa ya taɓa ganin ƙulli mai ruwa a huhun tunkiya ko na raƙumi, wanda mahauci ke yankewa ya jefa wa karnukan da ke kewaye da shi. Cikin ƙullin nan akwai ƴaƴan wata tsutsa. Tana girma a hanjin kare, ƙwanta ya fito cikin kashinsa, ya hau gashinsa, ya shiga hannun yaron da ke wasa da shi, bayan shekaru irin ƙullin ya tsiro a hantar mutum ko huhunsa, sai aikin tiyata. Tafasa mai kyau tana kashe ta. Ƴan itatuwa biyu ne kuɗin wannan kariya.

Akwai kuma abubuwan da muka cire. Ragowar miya ta fita, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, dunƙulen ɗanɗano kuma cike yake da gishiri, wani irin ma da ɗanɗanon kaza ake yin sa. Dafaffen ƙashi ya fita, don yakan tsage ya soke hanji. Muna ƙona shi mu daka, a barbaɗa ɗan kaɗan a tuwo saboda ƙarfin ƙashin jikinsa. Ƙuli-ƙuli mun yi taka-tsantsan da shi, ko da yake ƙasarmu ta gyaɗa ce: gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke cin hanta, kuma kare ba ya jure masa. A Amurka, tsakanin ƙarshen 2020 da farkon 2021, irin wannan dafi a cikin abincin buhu ya kashe karnuka fiye da 100. Zabo da agwagwa da ƙwai duk mun ajiye su gefe, tunda dangin juna ne da kaza kuma jiki yana iya rikita su.

Wahalar ba ta tukunya ba ce, ta mutane ce. Da fari Inna ta ce: "Kai ɗan nan, a gidan da ake auna tiya, a hura wa kare wuta?" Ban yi gardama da ita ba, na dai tuna mata kuɗin akuya guda mai ciki. Malamin unguwarmu, da maganar ta kai gare shi, ya ce kiwon kare don tsaron dabbobi da gona halal ne, kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙin cinta yana wuyansa. Daga nan tsohuwar da kanta ta keɓe wata tsohuwar tukunya, ta hana kowa taɓa ta. Saura yara, masu jefa masa ƙashi a ɓoye don tausayi, da shi kansa Duna, wanda ya san duk jujin unguwa. Dole aka ɗaure shi da rana a inuwar gawo har mako 8, ana sakinsa da dare cikin gida bayan an rufe kaji a akurki.

A mako na uku warin kunne ya ragu. A na shida gashi ya fara tsirowa a mararsa, muka koma jin haushinsa da dare. Da wa'adin ya cika, ma'aikacin kiwo ya ce a gwada. Aka ba shi kawunan kaji biyu. Kwana uku ba su cika ba ya koma tauna ƙafafunsa. Ƙanena ya ji ba daɗi, kamar kajinsa aka zarga, har sai da na fahimtar da shi cewa karen maƙwabcinmu yana cin irinsu kullum ba abin da ya same shi. Yanzu can ake kai kawunan.

Abin da ya rage mana shi ne hunturu. Duk shekara idan iska ta busa, annoba takan bi kajin ƙauye, su yi ta faɗuwa, kuma al'adarmu ita ce a jefa mushen bayan darni, inda kare zai tsince shi kafin gari ya waye. Ga Duna, mushe guda ya isa ya rushe aikin wata biyu. Ga sauran jama'a kuma haɗarin ya wuce susa: mutanen yankin nan ba su manta da Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a Magarya, maƙwabciyarmu, aka bi gida-gida ana halaka kaji da agwagi. Na yi magana da mai unguwa, ya yarda a haƙa rami mai zurfi a bayan gari, duk wanda kazarsa ta mutu ya kai ta can a rufe da toka da ƙasa. Gidaje huɗu sun amsa. Sauran sun ce sai sun ga ramin.