Ƙofar da ke amsawa nan take

Duk malamin da ya taɓa haɗa takardun ƴan jarabawar BEPC ya san aikin da masana kwamfuta ke kira haɗa bayanai, ko da bai taɓa jin sunan ba. Rajistar aji a dama, takardun haihuwa a hagu, ga kuma takardar maki da ta biyo yaro daga makarantar da ya baro. Ka ɗebo nan, ka ɗebo can, ka daidaita, ka zuba a jeri guda. Na kusa shekara ashirin ina wannan aiki da biro da rula.

A manyan ma'aikatu manhaja ce ke yin sa, irin su Pentaho, ko Talend da aka ƙirƙiro a Faransa wadda kamfanin Qlik ya saye a 2023. Bisa al'ada da dare ake sakin aikin: ya kwashe bayanan yini gaba ɗaya, ya gyara, ya zuba, da safe a tarar da sakamako. Motar kasuwa ke nan, ba ta tashi sai lokacinta ya yi.

Yanzu ana iya buɗe wa wannan aiki ƙofa a intanet, a ba shi adireshi. Wata manhaja ta ƙwanƙwasa da tambaya guda, a ce lambar ɗalibi ɗaya, aikin ya gudana a kan wannan ɗalibi kaɗai, ya mayar da amsa cikin daƙiƙa a tsarin da kwamfutoci ke karantawa, JSON ko XML. Wannan kuma kabu-kabu ne, kana ɗaga hannu ya tsaya.

Ina son makarantunmu su samu irin wannan ƙofa. Yaro ya baro Tasawa ya zo Maradi tsakiyar shekara, mu yi makonni muna jiran makinsa, alhali kuɗin da aka turo daga Yamai yakan iso Damagaram kafin a kashe waya.

Sai dai akwai abin da ke damuna, kuma a aji na gan shi. Yaro guda na iya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mahaman a rajistar firamare, Mamane a bakin kowa. Ofishin magajin gari ya rubuta Issoufou, mu mun rubuta Youssouf. Wanda ba a yi wa takarda da wuri ba, sai kotu ta ba shi wata mai cewa an haife shi wajejen shekara kaza, kwamfuta kuma ta mayar da wannan 1 ga Janairu. A aji ɗaya na taɓa samun yara biyu masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, duka an ce 1 ga Janairu aka haife su. Ni na bambanta su don na san ɗaya dogo ne, ɗayan kuma ba ya zama wuri guda.

Aikin dare yana da dabararsa a nan. Duk sunan da bai daidaitu ba yakan ware shi gefe, da safe mutum ya zauna ya duba. Ƙofar nan take ba ta da safiya. An tambaye ta, dole ta ce wani abu yanzu. In an gina ta da amsa biyu kawai, akwai ko babu, za ta ce babu ga yaron da ke zaune gabana, ko ta miƙo makin wani da cikakken tabbaci. Jami'in da ya ga amsa a allon kwamfuta kuwa da wuya ya saurari gardamar uba.

Saurin amsa ma ba ya nufin labarin sabo ne. In makarantar ƙauye ba ta da rezo, sau ɗaya a zango darakta ke kai jerinsa gari, to ƙofar za ta ba ka labarin wata uku baya cikin daƙiƙa guda. Sannan ba kowa ya kamata ya ƙwanƙwasa ba, bayanan yara ne, sai mai mabuɗi.

Da za a tambaye mu malamai kafin a gina ta, abu biyu zan roƙa. Kowace amsa ta zo da ranar da aka shigar da bayanin da sunan makarantar da ta shigar. Kuma a ba ƙofar amsa ta uku: na samu biyu, ban tabbata ba. Wannan amsa ta tafi wurin wani mutum takamaimai a ofishin sufetocin makarantu, mai lambar waya da izinin gyara, ya kira darakta kafin a rufe karɓar takardun jarabawa.